Awon Mace Mai Lafiya: Tarihin Binciken Sankarar Bakin Mahaifa da Inda Ƙasar Gure ta Tsaya

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya san rigakafi tun kafin zuwan Nasara. Akwai daurin da ake ba jariri, akwai laya da rubutun sha, akwai kuma jiƙe-jiƙen da maijego ke sha don tsare jikinta. Abin da bai saba da shi ba shi ne mutum yana cikin ƙoshin lafiya, yana ci yana sha, ya ɗauki ƙafa ya kai kansa gidan likita don a nemo masa ciwon da shi kansa bai ji ba. To, wannan baƙon abu shi ne ginshiƙin yaƙi da sankarar bakin mahaifa. Ana so macen da ta kai shekara 30, wadda ba ta da wani ciwo ko wani haɗari na musamman, ta riƙa zuwa ana duba ta lokaci bayan lokaci. A wannan maƙala za mu riƙa kiran wannan aiki da suna "awon mace mai lafiya".

Cutar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata kimanin 660,000 ne suka kamu da ita a duniya, kimanin 350,000 kuma suka rasu, kuma kashi 94 cikin 100 na mamatan ƴan ƙasashe ne masu ƙarami ko matsakaicin ƙarfin arziki. Ga shi kuwa tana cikin ƴan tsirarun ire-iren sankara da ake iya tare su tun ba su zama sankarar ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda wannan awo ya samo asali, sannan a auna shi da tarihin kiwon lafiya a ƙasar Gure ta jihar Damagaram. Abin da muke son nunawa shi ne, likitancin zamani ya shigo wannan yanki ta ƙofa biyu, wato ƙofar ayarin ƴan lamba masu zuwa su wuce, da ƙofar gidan likita mai jiran majinyaci da mai ciki. Duk cikin ƙofofin nan babu wadda aka gina domin mace mai lafiya wadda ba ta da ciki. Nan ne gizo ke saƙar.

2.0 Asalin Awon

A shekarar 1842 wani likita a birnin Berona na ƙasar Italiya mai suna Domenico Rigoni-Stern ya bi rajistar mace-macen garin, ya lura cewa sankarar mahaifa ta fi kashe matan aure da zawarawa a kan matan coci da suka ƙaurace wa aure. Daga nan aka fara zargin cewa cutar tana da alaƙa da saduwa, amma sai da aka yi shekara 140 kafin a kama ɓarawon. A shekarun 1983 da 1984 Harald zur Hausen na ƙasar Jamus da abokan aikinsa suka gano nau'i na 16 da na 18 na ƙwayar cutar da ake kira HPV a cikin tsokar sankarar, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008. A yau an san cewa waɗannan nau'o'i biyu ne ke haddasa kimanin kashi 70 cikin 100 na cutar. An kuma san cewa yawancin mutanen da suka taɓa saduwa, maza da mata, sukan ɗauki ƙwayar a wani lokaci na rayuwarsu, kuma mafi yawanci jiki kan kawar da ita da kansa. Saboda haka samun ta a jikin mace ba shaida ba ce ta lalata. Matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya ɗauke da ita.

Idan ƙwayar ta ƙi fita, sai ta riƙa sauya halittar fatar bakin mahaifa sannu a hankali, ba zafi ba jini. Ga mace mai ƙarfin garkuwar jiki yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin wannan tabo ya rikiɗe ya zama sankara. Ga wadda garkuwarta ta raunana, kamar mai ɗauke da ƙwayar cutar sida, shekara 5 zuwa 10 sun isa. Wannan doguwar tazara ita ce ta ba awon ma'ana, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin mamaki, an iya awon tun kafin a san sanadin cutar. A 1925 Hans Hinselmann ya ƙera madubin duba bakin mahaifa a Jamus. A 1928 George Papanicolaou, Bagirken da ke aiki a Amurka, ya bayyana cewa idan aka shafo ɗan ruwan gaban mace a kan gilashi aka duba da madubin likita, ana iya ganin ƙwayoyin halittar da suka lalace. A daidai wannan lokaci Aurel Babeș na Rumaniya shi ma ya bayyana wata hanya makamanciyar wannan. Likitoci ba su kula ba sai bayan littafin da Papanicolaou ya fitar tare da Herbert Traut a 1943.

To amma darasin da ya fi shafar mu ba daga ɗakin bincike ya fito ba. Wani nazari da aka buga a 1987 ya kwatanta ƙasashen arewacin Turai tsakanin 1965 da 1982. Dukansu suna da likitoci, dukansu sun san gwajin. A Aislan, inda aka tsara kiran matan ƙasar baki ɗaya, mace-mace daga cutar sun ragu da kashi 80 cikin 100. A Finlan sun ragu da kashi 50. A Norwe kuwa, inda aka bar yawancin mata su je in sun ga dama, kashi 10 kawai aka samu. Ita ma Ingila ta yi fiye da shekara 20 tana gwajin ba tare da wani babban tasiri ba, sai a 1988 da ta kafa rajistar da ke aika wa kowace mace takardar gayyata, ta kuma sake kiran ta idan lokaci ya zagayo. Ke nan gwajin shi kaɗai ba ya ceton rai. Sai an haɗa masa abu uku: rajistar da ta san sunan mace da shekarunta, hanyar da sakamako zai komo ya same ta, da kuma magani ga wadda aka ga tabo a jikinta. Tun a 1968 ma wasu ƙa'idoji da Wilson da Jungner suka rubuta wa OMS suka gindaya sharaɗin cewa kada a fara neman cuta a jikin masu lafiya sai an tanadi wurin tabbatar da ita da kuma maganinta. Da waɗannan ma'aunai uku za mu duba tarihin Gure.

3.0 Gure da Likitancin Nasara

Gure tsohon mazaunin sarautar Muniyo ne, ƙasar Mangawa, wadda ta daɗe tana bin Barno. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a garin a watan Disamba na 1852, zamanin Muniyoma Koso, a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Ƙasa ce ta duwatsu da tuddan rairayi, da kwaruruka masu dabino da kanwa, inda manoma da makiyaya ke zaune a warwatse. Ban da Mangawa akwai Hausawa, da Fulani, da Tubawa, da Buzaye, da Larabawa. Tsakanin Gure da Damagaram akwai kimanin kilomita 160, tsakaninta da Yamai kuwa fiye da kilomita 1,000. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan nisa, domin zai sake fitowa a kowane babi na wannan tarihi.

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, daga bisani suka mai da Gure mazaunin komandan. A 1905 Gwamna Janar Ernest Roume ya kafa hukumar jinyar ƴan ƙasa, wadda aka fi sani da AMI, domin ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa. A 1918 aka buɗe makarantar likita ta Dakar, wadda ke horar da mataimakan likitoci da ungozomomin zamani. Sai dai Nijar ta daɗe a matsayin yankin soja, tana can ƙarshen layi, ga talauci ga nisa, saboda haka ɗan abin da ya iso gare ta kaɗan ne, ya kuma taru a manyan garuruwa. Da aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, sai gabashin ƙasar ya ƙara nisa da inda ake yanke shawara.

A wannan shekara ta 1926 ce Gwamna Janar Jules Carde ya umarci likitoci da su karkata ga rigakafi da ƙara yawan jama'a, domin mulkin mallaka yana buƙatar ƴan ƙwadago da sojoji da masu biyan haraji. Wannan manufa ta haifar da salo biyu. Salo na farko shi ne na ayari mai yawo. A 1939 aka kafa hukumar yaƙi da ciwon barci a Bobo Julaso ƙarƙashin Gaston Muraz, a 1945 kuma aka faɗaɗa ta ta haɗa da wasu manyan cututtuka irin su kuturta. Ayari kan iso gari, mai gari ya tara jama'a, a kira suna da takardar ƙidayar haraji, a duba kowa, a yi lambar agana, a tashi. A nan akwai rajista, akwai kuma duba mai lafiya, amma da tilas aka yi su. Talaka ya san cewa takardar da ake kiran sa da ita wurin lamba ita ce ake kiran sa da ita wurin haraji da aikin dole. Salo na biyu shi ne na gidan likita da gidan haihuwa, inda aka kula da mace a matsayinta na mai ɗaukar ciki. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta na 2019 kan tarihin haihuwa a Nijar, ta bi diddigin yadda haihuwa ta zama ma'aunin darajar mace a idon dangi da kuma idon hukuma. Macen da ta gama haihuwa, wadda ita ce sankarar bakin mahaifa ta fi kamawa, ba ta cikin lissafin kowa.

Ya kamata a lura cewa a daidai shekarun da gwajin Papanicolaou ke yaɗuwa a Amurka da Turai, wato shekarun 1940 da 1950, abin da ke gaban likita a gabashin Nijar shi ne agana da sanƙarau da baƙon dauro da kuturta. Ba za a ga laifinsa ba. Wanda gidansa ke ci da wuta ba ya tsayawa neman gara a azara.

4.0 Daga Ƴancin Kai zuwa Biyan Kuɗin Magani

Bayan samun ƴancin kai a 1960 an ci gaba da salon ayari, kuma ya yi rawar gani. Gangamin da aka fara a 1967 ya kawar da agana daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya zuwa 1970. Amma agana lamba ɗaya take buƙata. Ba sai an komo an gaya wa mutum sakamako ba.

Wani sabon abu ya ɓullo a jihar Maraɗi a tsakiyar shekarun 1960, inda aka fara horar da ƴan agajin ƙauye da ungozomomin gargajiya, ƙauye ya zaɓi nasa da kansa, a ba su ƴan kwanaki na horo da akwatin magani. Wannan tsari, wanda Guy Belloncle da Georges Fournier suka rubuta labarinsa a 1975, ya bazu zuwa sauran jihohi, ya kuma riga taron Alma Ata na 1978 da ya ɗaukaka kiwon lafiya na matakin farko. A cikin shekarun 1970 ne kuma aka buɗe makarantar koyon likita a Jami'ar Yamai, da makarantar horar da ma'aikatan jinya a Damagaram, aka kuma shimfiɗa kwalta daga Gure zuwa Gigmi da taimakon ƙasar Kanada. A karo na farko sai ga wata mace a cikin ƙauye wadda mata suka sani, wadda kuma ke da ƙafa ɗaya a gidan likita. Sai dai aikinta bai wuce ciki da haihuwa da jego ba.

Fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984, da faɗuwar farashin yuraniyom a shekarun 1980, sun karya aljihun gwamnati. Shirin Bamako na 1987 ya ba da shawarar jama'a su riƙa sa hannu a aljihu. An gwada tsarin a Boboye da Say a 1993 da 1994, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, sannan dokar 1995 ta shimfiɗa biyan kuɗin magani a duk ƙasa. A wannan zamani ne aka kasa ƙasar gunduma-gunduma ta fuskar kiwon lafiya, Gure ta zama gunduma mai asibitinta, da cibiyoyin CSI a ƙarƙashinta a garuruwa irin su Gidigir da Bune da Kelle. Daga 2001 shirin musamman na Shugaba Mamadu Tanja ya gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka. Gini ya matso kusa da jama'a, amma dole a biya a bakin ƙofa. Magidancin da ke juya kuɗin hatsi a hannunsa zai biya wa yaron da zazzaɓi ya kayar. Da wuya ya biya kuɗin mota da na kati don a duba matar da ya bari tana daka da safe.

5.0 Sankara ta Shiga Lissafi

Cutar da ba a ƙirga ba, hukuma ba ta ganin ta. A 1992 aka kafa rajistar sankara ta Nijar a ɗakin binciken tsoka na tsangayar likita ta Jami'ar Yamai, ƙarƙashin Farfesa Hassan Nouhou. Nazarin da aka yi a kan abin da ta tattara daga 1992 zuwa 2009 ya ƙunshi majinyata 7,031, ya kuma nuna cewa a tsakanin mata sankarar nono ce ta farko, ta bakin mahaifa na biye da ita. Amma wajibi ne masanin tarihi ya karanta wannan lissafi da hattara, domin rajistar tana ƙirga wanda ya iso asibitocin Yamai ne. Matar da ta rasu a wani kwari na ƙasar Muniyo bayan ta yi shekara tana zubar da jini ba ta shiga ciki ba.

Gwajin Papanicolaou ba zai taɓa dacewa da irin wannan ƙasa ba, domin sai an ɗauki gilashin daga Gure zuwa inda mai karanta shi yake, sannan a komo da amsa a nemo matar, wadda wataƙila ta yi ƙaura da dabbobi. Wannan ya sa aka nemi hanya mai sauƙi. Idan aka shafa ruwan binegar mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa yakan yi fari cikin minti ɗaya, ungozoma ta gani da idonta da hasken tocila. Tsakanin 1999 da 2003 cibiyar binciken sankara ta CIRC da ke Liyon ta gwada wannan hanya a kan mata sama da 50,000 a Indiya da ƙasashen Afirka biyar, wato Burkina Faso, Kwango, Gini, Mali da Nijar. Ke nan matan Yamai suna cikin waɗanda aka kafa hujjar wannan gwaji da su. Wani nazari a jihar Tamil Nadu ta Indiya, wanda aka buga a 2007, ya nuna cewa gwajin binegar ya rage mace-mace da kashi 35 cikin 100. Wani kuma a gundumar Osmanabad, wanda aka buga a 2009, ya nuna cewa gwajin neman ƙwayar HPV sau ɗaya tak ya rage su da kusan rabi.

A ɓangaren hukuma, gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa a 2005, ta ɗauke na yara ƴan ƙasa da shekara 5 da na awon ciki da na tazarar haihuwa a 2006, sannan a watan Yuli na 2007 ta ɗauke kuɗin jinyar sankarar mata a asibitocin gwamnati. Mataki ne na jinƙai, amma ya fara ne daga wutsiyar igiya. Ya amfani wadda ta riga ta kamu, ta kuma iya kai kanta inda ƙwararru suke. Kuɗin mota, da na abinci, da na mai jinya, suna nan a wuyan iyali. Binciken da cibiyar LASDEL ta Yamai ta gudanar ya kuma nuna yadda jinkirin gwamnati wajen mayar wa asibitoci kuɗinsu ya jawo yankewar magunguna a wurare da dama. Gashin sankara da haske kuwa sai a 2021 aka fara shi a cikin ƙasa, a cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, AIEA. Kafin nan sai dai a fita waje.

Akwai kuma shingen harshe da na fahimta, wanda ya fi shafar wannan sashe namu. A Hausa ana kiran cutar "ciwon daji", sunan da asalinsa ya shafi kumburi ko gyambon da ya ƙi warkewa, kuma magana ce da ta yaɗu cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe. Tunda yawancin mata ba sa isa asibiti sai cutar ta ci jiki, mutuwar da ke biyo baya sai ta zama kamar ta gaskata maganar. Haka kuma jinin da ke zuwa ba a kan lokaci ba, ko bayan saduwa, ko bayan ɗaukewar al'ada, wanda shi ne babbar alamar cutar, sau da yawa yakan fara zama tambayar tsarki da salla kafin ya zama tambayar likita. Ga kunya, musamman idan namiji ne zai duba, ko yarinyar da ba ta wuce sa'ar ƴar cikin matar ba. A Gure kuma sau da yawa matar da Manganci ko Tubanci ko Fillanci take tunani, ma'aikacin ya yi karatu da Faransanci, su haɗu a Hausa wadda ba lalle ta zama harshen uwa ga ko ɗayansu ba.

6.0 Darasin Awon Ciki

Duk da haka kuskure ne a ce matan wannan yanki ba za su taɓa kai kansu a duba su suna lafiya ba. Harshen da kansa ya ƙaryata wannan zato. Idan mace ta ce "za ni awo", kowa ya san inda ta nufa. Mai ciki ba majinyaciya ba ce, amma tana zuwa a auna ta. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da kiwon lafiya ya nuna cewa a 2006 kashi 46 cikin 100 na masu ciki ne suka je awo wurin ma'aikacin lafiya, a 2012 kuwa suka kai kashi 83. Cikin shekara shida, bayan ɗauke kuɗi da matso da ɗakunan shan magani, al'ada ta sauya. Me ya sa awon ciki ya kafu? Yana da karne mai sunan mace da ranar komowa. Yana da rana sananniya. Mace ce galibi ke yin sa. Miji da uwar miji sun san amfaninsa. Kuma ba a komawa gida hannu wofi, akwai ƙwayar ƙarin jini da gidan sauro.

Idan aka dubi shawarar da OMS ta fitar a 2021, za a ga cewa nauyin bai kai na awon ciki ba. Ga mace mai matsakaicin haɗari, a fara daga shekara 30, a fi ba ƴan shekara 30 zuwa 49 muhimmanci. Idan gwajin HPV ne, a maimaita duk bayan shekara 5 zuwa 10. Inda bai samu ba, a yi na binegar duk bayan shekara 3. Mai ɗauke da ƙwayar cutar sida, wadda haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida, ta fara daga shekara 25, ta maimaita duk bayan shekara 3 zuwa 5. Shirin kawar da cutar da aka ƙaddamar ranar 17 ga Nuwamba 2020 ya sa burin cewa zuwa 2030 a yi wa kashi 90 cikin 100 na ƴan mata allurar rigakafi kafin su cika shekara 15, a auna kashi 70 na mata sau biyu a rayuwa, a shekara 35 da 45, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da cutar magani. Matar da ta je awon ciki sau da dama a kan kowane ciki, a ƙasar da binciken 2012 ya nuna mace na haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, zuwa sau biyu a rayuwa ba zai gagare ta ba.

Fasaha ma ta rage nisan hanya. A gwajin HPV mace tana iya ɗaukar samfurin da kanta da ɗan tsinke mai auduga, abin da ke rage matsalar kunya. Tun 2019 kuma OMS ta amince da wata ƴar na'ura mai aiki da batir da ke ƙona tabon cikin ƙasa da minti ɗaya, wadda ungozoma za ta iya amfani da ita a CSI a ranar da aka ga tabon. Game da rigakafi, Nijar tana cikin ƙasashe takwas da ƙawancen Gavi ya zaɓa a 2013 domin gwajin allurar HPV, maƙwabciyarta Nijeriya kuma ta shigar da ita cikin rigakafin ƙasa a watan Oktoba na 2023 ga ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14. Amma allura ta ƴan mata ce. Uwayensu da yayyensu awo ne kaɗai zai cece su.

Haɗarin da tarihi ke gargaɗin mu a kansa shi ne komawa ga salon ayari: a zo da motoci a watan wayar da kai, a duba mata ɗari biyu ko uku na cikin gari, a ɗauki hoto, a wuce. Wadda aka ce mata an ga wani abu, aka miƙa mata takarda zuwa Damagaram ba tare da guzuri ba, an ƙara mata fargaba ne, ba a ba ta lafiya ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Haka kuma idan aka rataya awon ga gidan haihuwa kaɗai, za a sake mantawa da wadda ta daina haihuwa, alhali gwajin binegar ba ya ma aiki sosai bayan ɗaukewar al'ada, domin wurin da ake dubawa yakan janye ciki.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa rashin kafuwar awon mace mai lafiya a ƙasar Gure ba laifin jahilci ba ne, gado ne na tarihi. Mulkin mallaka ya bar rajista mai tsoratarwa da ayari mai wucewa. Shekarun bayan ƴancin kai sun kawo ungozomar ƙauye da gine-gine, suka tsaya a kan haihuwa. Dokar 2007 da na'urar gashi ta 2021 sun tanadi ƙarshen hanya a Yamai, suka bar farkonta a buɗe. Abin da ya rage shi ne abin da ƙasar Aislan ta yi tun shekarun 1960, wanda awon ciki ya nuna cewa mai yiwuwa ne a nan: karne ga kowace mace daga shekara 30, ranar awo sananniya a kowace CSI, magani a wannan rana, da wanda zai bi sawun wadda ba ta komo ba.

Akwai aiki a gaban ɗalibanmu na tarihi da na harsuna. Rahotannin shekara-shekara na likitocin mulkin mallaka suna ajiye a gidan adana tarihi na Yamai da na Dakar, rajistocin gidan haihuwa suna nan a gunduma, tsofaffin ungozomomi kuma suna raye a ƙauyukan Muniyo da Kutus. Ya kamata a tattaro daga bakinsu sunayen da mata ke ba wannan ciwo da Manganci da Hausa da Fillanci da Tubanci, da wurin wanda suke fara kai kukansu, domin da waɗannan kalmomi ne za a gayyaci mace ta zo awo tana lafiya lau.